Yadda Ake Goge Bayanan Sirri Daga Tsohuwar Ma'adanar Kwamfuta Kafin Ta Bar Hannunka

Mafi yawan mutane idan za su sayar da kwamfuta, ko su yi kyauta da ita, ko su mayar wa ma'aikatar da ta ba su, abu ɗaya suke yi: su share fayiloli, su zubar da kwandon shara, in sun yi ƙoƙari su yi fomatin, sai hankalinsu ya kwanta. Alhali sau da yawa babu abin da ya gogu. Hotunan iyali, hoton fasfo da katin shaida, takardun banki, sakamakon asibiti, kalmomin sirrin da manhajar shiga intanet ta adana, duk suna nan kwance a kan faifan, suna jiran wanda ya san yadda ake tono su. Kuma tono su ba ya buƙatar wani gwani, manhajojin kyauta irin su Recuva da PhotoRec suna yin aikin cikin 'yan awanni.

Dalili shi ne kwamfuta ba ta ɓata lokacinta wajen kankare abin da ka share. Ma'adana tamkar littafi ce mai shafin jerin abubuwan da ke ciki. Idan ka share fayil, sunansa kawai ake cirewa daga jerin, a ce wurin ya zama fili, amma rubutun yana nan a shafinsa har ranar da wani sabon abu ya hau kansa. Fomatin na gaggawa kuwa jerin ne gaba ɗaya yake sabuntawa, shafukan ko taɓa su bai yi ba. Shi ya sa yake ƙarewa cikin daƙiƙu.

A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun sayi tsofaffin ma'adanai 158 a hannun 'yan gwanjo da kasuwar intanet. Guda 129 na aiki, amma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tarar da lambobin katin bashi sama da 5,000, da bayanan lafiya, da wasiƙun mutane. Kada ka ɗauka sakacin na ƙananan mutane ne kawai. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, saboda ya damƙa tsofaffin na'urorinsa ga wani kamfanin kwashe kaya da bai san aikin lalata bayanai ba, har wasu suka ƙare a gwanjon intanet ɗauke da bayanan abokan hulɗa.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne, abin da ke cikin ma'adanarka ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai hoton wata, akwai lambar wayar wani, akwai takardar da abokin aiki ya turo maka don ya yarda da kai. Su ba a tambaye su ba kafin a sayar da kwamfutar.

Kafin ka taɓa komai

Fara da kwashe abin da kake so zuwa wata ma'adanar ta daban. Bayan ka kwafa, ka buɗe wasu daga cikin fayilolin a can ka tabbata suna buɗuwa, domin gogewar da za mu yi ba ta da gyara, ko kamfanin da ya ƙera na'urar ba zai iya dawo maka da komai ba. Ka leƙa wuraren da ake mantawa: foldar saukar da abubuwa, saman allo, da kalmomin sirrin da ke cikin Chrome ko Firefox. Sannan ka fita daga asusunka na Google, Microsoft ko Apple a kan na'urar, ka kuma cire ta daga jerin na'urorin da asusun ya amince da su.

Daga nan sai ka gano irin ma'adanar da kake da ita, domin a nan hanya ta rabu biyu. Akwai had-dis na asali mai fayafai da ke juyawa a ciki, wanda idan ka kasa kunne za ka ji ƙararsa, kuma a jikin takardarsa yawanci za ka ga 5400 ko 7200 RPM. Akwai kuma SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta sai ƙananan ƙwayoyin lantarki. A Windows, ka buɗe Task Manager ka shiga Performance, za ka ga an rubuta HDD ko SSD a ƙarƙashin kowane Disk. Ka duba da kyau, wasu kwamfutocin suna ɗauke da duka biyun, ƙaramar SSD ga Windows da babban had-dis ga fayiloli. Mutum ya goge ɗaya ya manta ɗayan, aikinsa ya tashi a banza.

Had-dis mai faifai: a rubuta sifili a kan komai

Maganin wannan mai sauƙi ne, a bi faifan daga farko har ƙarshe ana rubuta wani abu a kan tsohon rubutun. Windows na da kayan aikin a cikinsa, ba sai ka sauke komai ba. Sai dai ba zai goge ma'adanar da shi kansa yake zaune a kai ba. Don haka ko dai ka ciro had-dis ɗin ka jona shi a wata kwamfuta da akwatin USB, ko ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin saka Windows, idan allon farko ya fito ka danna Shift da F10 tare, baƙin allon umarni zai buɗe.

Idan a wata kwamfutar ka jona shi, ka nemi Command Prompt ka buɗe shi da izinin Administrator. Ka rubuta:

diskpart

sannan:

list disk

Za ka ga jeri: Disk 0, Disk 1, Disk 2, kowanne da girmansa a gefe. A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, don haka ka tsaya ka natsu. Jerin ba ya nuna sunan da ka saba gani kamar C ko D, da lamba da girma kawai za ka gane kowacce. Shawarata ita ce ka cire duk wani filas da wata ma'adanar waje da ba ta cikin aikin, musamman wadda ka kwashe kayanka a ciki yanzu. Idan akwai biyu masu girma ɗaya, ka zare wadda za ka goge, ka sake rubuta list disk ka ga lambar da ta ɓace, sannan ka mayar da ita ka sake dubawa. A ce lambarta 2 ce, sai ka rubuta:

select disk 2

detail disk

Umarni na biyun zai nuna maka sunan kamfani da samfurin ma'adanar, ka gwada da abin da ke rubuce a jikinta. Idan sun yi daidai, sai:

clean all

Ka lura da kalmar all ɗin nan. Idan clean kaɗai ka rubuta, tsarin rabon ma'adanar kawai zai cire, cikin ƙiftawar ido ya ce ya gama, bayananka kuma suna nan. Clean all ne ke rubuta sifili a kowane lungu. Da ka danna Enter ba za ka ga komai ba, babu kaso cikin ɗari, babu layin da ke cika, sai ɗan ɗigon rubutu yana ƙyaftawa a baƙin allo. Mutane da yawa a nan suke zaton ta maƙale su kashe. Ba ta maƙale ba. Ka ɗora yatsa a jikin had-dis ɗin za ka ji yana rawa kaɗan-kaɗan da ɗan ɗumi. Mai girman 1TB yakan ɗauki awa 2 zuwa 3 idan a cikin kwamfuta yake ko a USB 3.0, amma ta tsohon USB 2.0 yana iya kaiwa awa 9. Ka jona caja, ka hana kwamfutar yin barci, ka bar ta har sai ta rubuta cewa ta yi nasarar tsaftace ma'adanar. Idan wuta ta yanke a tsakiya, a sake daga farko.

Wanda baƙin allo ke ba shi tsoro yana da wata hanya. Tun daga Windows Vista, cikakken fomatin yana rubuta sifili. Ka danna dama a kan ma'adanar, ka zaɓi Format, ka cire alamar da ke kan Quick Format. Rauninsa shi ne ɓangaren da ka zaɓa kawai yake gogewa, idan an raba ma'adanar kashi-kashi sai ka bi kowanne.

A Linux, lsblk ne ke nuna jerin ma'adanai, sannan shred -v -n 1 /dev/sdX ya yi aikin, a sa harafin ma'adanar a madadin X. Akwai kuma ShredOS, wanda ake sa wa a filas a tayar da kwamfuta da shi, yana amfani da manhajar nwipe kuma yana nuna yadda aikin ke tafiya. Za ka ji ana yawan ambaton DBAN. Ya yi zamaninsa, amma tun 2015 ba a sabunta shi ba, sababbin kwamfutoci da yawa ba sa tashi da shi, kuma ba a yi shi don SSD ba.

Sau nawa za a maimaita? Sau ɗaya ya isa. Maganar da ake yaɗawa cewa sai an maimaita sau 35 ta samo asali ne daga wata takarda da masanin kwamfuta Peter Gutmann ya fitar a 1996, kuma yawancin zagayen an tsara su ne don irin ma'adanan wancan zamanin da yanzu ba a ƙera su. Shi kansa daga baya ya bayyana cewa yin duka 35 ɗin a ma'adanar zamani ba shi da amfani. Ƙa'idar da hukumar NIST ta Amurka ta fitar mai lamba 800-88, wadda ma'aikatu da yawa a duniya ke bi, ta nuna cewa zagaye ɗaya a had-dis na zamani yana hana a dawo da bayanai. Lokacin da za ka ɓata a zagaye 7 ko 35, gara ka yi amfani da shi wajen tabbatar da cewa na farkon ya kammala.

SSD: nan ne aka fi yin kuskure

Dabarar sifili ba abin dogaro ba ce a SSD. Ƙwayoyinta suna gajiya da yawan rubutu, don haka akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a cikinta da ke rarraba rubutun don kada wani sashe ya riga saura mutuwa. Idan ka ce a rubuta a kan fayil kaza, sai ta rubuta a wani sabon wuri, ta bar tsohon zuwa wani lokaci. Bugu da ƙari, kowace SSD tana da wani sarari na ajiya da Windows ba ya gani sam, kuma tsofaffin bayanai na iya zama a can. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun gwada wannan a 2011, suka tarar cewa goge fayil ɗaya-ɗaya ta hanyar rubutu a kansa ba ya aiki yadda ake zato a SSD.

Abin da ake yi shi ne a umarci ita SSD ɗin ta goge kanta, domin ita kaɗai ta san duk lungunanta. Sunan umarnin Secure Erase ko Sanitize. Hanya mafi sauƙi ita ce manhajar kamfanin da ya ƙera ta, kamar Samsung Magician, Crucial Storage Executive ko Kingston SSD Manager. Kafin ka je nesa ma, ka shiga BIOS ɗin kwamfutar, wato allon saitin da ake shiga da zarar an kunna ta kafin Windows ya tashi, ka duba sashen tsaro, domin kwamfutocin ofis da yawa na Dell, HP da Lenovo suna da umarnin a ciki. Aikin yakan ƙare cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, kuma saurin nan ba alamar ha'inci ba ne. SSD da yawa dama a hargitse suke adana bayanai da wani mabuɗi na cikin gida, idan aka lalata mabuɗin, abin da ya rage tarkace ne da ba ya karantuwa.

Masu Linux za su iya yi da hannu. Ga SSD nau'in NVMe, umarnin shi ne nvme format /dev/nvme0n1 --ses=1. Ga nau'in SATA kuwa hdparm ake amfani da shi, a sa wa ma'adanar kalmar sirri ta wucin gadi sannan a ba da umarnin gogewa. Sau da yawa za ka tarar an rubuta frozen, wato BIOS ya kulle umarnin. Ka sa kwamfutar ta yi barci ka tashe ta, yawanci yana sakin ta. Kada ka yi wannan ta akwatin USB, wasu akwatunan ba sa isar da umarnin daidai, ana iya ƙarewa da ma'adana a kulle.

Idan duk wannan ya gagara, ga wata dabara mai sauƙi: ka kunna BitLocker, wato tsarin Windows mai hargitsa bayanai ya kulle su da mabuɗi, a kan ma'adanar, ka zaɓi ya kulle ta gaba ɗaya ba wurin da ke da fayiloli kawai ba, ka jira ya gama, sannan ka yi fomatin, ka kuma share mabuɗin ceto daga asusunka na Microsoft da duk inda ka rubuta shi. Ba ta kai Sanitize ba idan an daɗe ana amfani da ma'adanar a buɗe, amma ta fi fomatin zalla nesa ba kusa ba. Kuma darasi ne ga sabuwar kwamfutar da za ka saya: ka kunna BitLocker, ko takwaransa na Mac wato FileVault, tun ranar farko, ranar rabuwa da ita aikin zai zo maka da sauƙi.

Idan kwamfutar ce gaba ɗaya za ka bayar

Windows 10 da 11 suna da Reset this PC a sashen Recovery. Ka zaɓi Remove everything, amma kada ka yi saurin wucewa. Ka shiga Change settings ka kunna Clean data, ka kuma zaɓi a goge dukkan ma'adanai idan sun fi ɗaya. In ba ka kunna ba, sharewa ce ta sama-sama. Wannan ya wadatar ga kwamfutar gida da za ka ba ɗan'uwa, amma Microsoft da kansa ya faɗa cewa bai kai ƙa'idar gwamnatoci da masana'antu ba. Kwamfutar da ta riƙe bayanan marasa lafiya, na ɗalibai ko na abokan ciniki, a bi da ita ta hanyoyin da suka gabata. A Mac mai ƙwaƙwalwar Apple ko mai ƙwaƙwalwar tsaro ta T2, tun daga macOS Monterey akwai Erase All Content and Settings, wanda ke lalata mabuɗin nan take.

Ka gwada aikinka

Wannan matakin ne kusan kowa ke tsallakewa, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Ka zama kai ne ɓarawon. Ka jona ma'adanar a wata kwamfuta, ka saki PhotoRec a kanta ya yi bincike mai zurfi. Idan ya fito da hoto ko da guda ɗaya da ka gane, gogewar ba ta yi ba. Wanda ke son gani da idonsa ya buɗe ma'adanar da manhajar HxD, mai nuna ainihin abin da ke rubuce a kanta, ya duba farko, ya tsallaka tsakiya, ya je ƙarshe. Bayan clean all, abin da ya kamata ya gani shi ne layi bayan layi na 00 00 00, babu suna, babu harafi.

Wadda ta mutu, ko wadda sirrinta ya yi nauyi

Had-dis ɗin da ya daina tashi, ko yake ƙaf-ƙaf idan an kunna, ba ya karɓar gogewa, amma fayafansa na nan da bayanansu, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, ciro bayanai daga matattun ma'adanai. Haka wanda ya fara lalacewa, domin wuraren da suka lalace yana keɓe su gefe inda sifilin ba ya kaiwa. Irin waɗannan ba a sayar da su, fasa su ake yi.

Ka samo sukundireba mai bakin tauraro, yawanci T8 ga babban had-dis, T6 ko makamancinsa ga na laftof. Ka kwance kusoshin murfin. Idan ka cire duk waɗanda kake gani murfin ya ƙi ɗaguwa, ka shafa yatsa a kan takardar da ke manne, za ka ji ɗan rami, akwai kusa ɓoye a ƙarƙashi. Da ka buɗe za ka ga faifai mai sheƙi kamar madubi, wani lokaci biyu ko uku a jere, da siririn hannu da ke karanta su. Fayafan nan su ne abin nema, ba koren allon lantarkin da ke baya ba. Mutane kan farfasa allon su jefar da sauran, alhali ana iya samo wani a maye gurbinsa. Fayafan babban had-dis yawanci na alminiyom ne, a kankare fuskarsu da takardar yashi, a lanƙwasa su da guduma, ko a huda su wuri uku ko huɗu da injin huda ƙarfe. Na laftof kuwa sau da yawa gilashi ne, bugu ɗaya suke tarwatsewa su yi tsartsuwa masu kaifi. Ka naɗe su a tsumma mai kauri kafin ka buga, ka sa tabarau da safar hannu, ka kuma kori yara daga wurin.

SSD kuma ƙwayoyin ne ke riƙe da bayanai, waɗannan baƙaƙen murabba'ai da ke manne a allon. Kowacce sai an fasa ta ko an huda ta, domin injin huda na iya ratsa akwatin ya wuce ta tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba.

Akwai dabarun da ake yaɗawa waɗanda ba sa aiki. Maganaɗisun gida ba ya goge had-dis, in ka buɗe shi ma za ka tarar da maganaɗisu mai ƙarfin gaske a cikinsa, dab da fayafan, shekara da shekaru bai goge komai ba. Injin maganaɗisu na musamman da kamfanoni ke amfani da shi yana aiki a kan faifai, amma ba ya yi wa SSD komai. Jefawa a ruwa ba ya taɓa rubutun. Ƙonawa kuwa hayaƙi mai guba kawai za ka shaƙa, wutar shara ba lallai ta ci fayafan ba. Ɓaraguzan da suka rage a kai su inda ake karɓar sharar kayan lantarki.

Ma'aikatar da ke da ma'adanai da yawa za ta iya ba kamfanin niƙa su, amma da sharaɗi: a rubuta lambar jikin kowace ma'adana kafin ta fita, wani ma'aikaci ya tsaya a niƙa a gabansa, a kuma karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambobin. Sannan a tuna ba kwamfuta kaɗai ke da ma'adana ba. Na'urar naɗar kyamarorin tsaro tana da ita, na'urorin wasan bidiyo suna da ita, manyan injinan kwafin takardu na ofis ma haka, kuma suna iya riƙe hoton takardun da aka ɗora musu. A 2013 wani kamfanin inshorar lafiya na Amurka, Affinity Health Plan, ya biya sama da dala miliyan 1.2 saboda ya mayar da injinan kwafin da ya yi haya ba tare da ya goge ma'adanansu ba. Kafin irin wannan injin ya fita daga ofis, a duba saitinsa a nemi umarnin goge ma'adana, in babu, a nemi kamfanin hayar ya ciro had-dis ɗin ya bar muku shi a hannu.